Ɗigon Kyandir a Kan Kilabiyen Tanti Saratu

Abubuwan kunya da na yi a rayuwata ba kaɗan ba ne, kuma yawancinsu lokaci ya wanke min su. Amma ba zan taɓa mantawa da safiyar wata Litinin ba, a biro, wato ofishin da na fara aiki a Yamai, ranar da na tona asirin matar da ta fi kowa kyautata min, ina murmushi, ina jiran a tafa min.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki ce, damina kuma ta yi mana rowa. Kogin Isa ya janye har yashi ya fito a tsakiyarsa, mutanen karkara suka cika bakin tasha da ƙullin kayansu. Ni kuwa fitowata ke nan daga lakwal, wato makaranta, da difilom ɗina na aikin na'ura, da wani ƙaramin kaye mai shuɗin bango da nake rubuta waƙoƙi a ciki. Aka ɗauke ni aiki a wani biro da ke tattara sunayen gidajen da za a raba wa hatsin agaji. Takardun suna zuwa daga ƙauyuka a rubuce da hannu, wasu har da shatin gumi, mu kuma mu buga su a na'ura. Wanda sunansa bai shiga daidai ba, ranar rabo sai ya koma gida da buhunsa a naɗe.

Mu huɗu ne masu bugawa, amma a gaskiya Tanti Saratu ce biron. Mutuniyar Dogon Dutsi ce, Kirista, doguwa mai magana a hankali, tana zaune a Kirkissoye, hayin gada. Tun zamanin mashin ɗin daktilo take buga rubutu. Kullum da rana sai ta buɗe ɗan kwanonta na kopto, kwaɗon zogale, ta turo min cokali.

"Ci, ɗiyata. Waƙa ba ta cika ciki."

Kilabiyenta, wato allon maɓallan da take buga rubutu a kai, ya fi duk abin da ke biron muni. Launinsa kamar haƙorin mai cin goro, nauyinsa kamar dutsen niƙa. Haruffan da ke kan maɓallan duk sun goge, kuma a kan wasu akwai ɗige-ɗigen wani abu da ya bushe ya yi dauɗa. Ga ƙara. In Tanti ta kama aiki sai ka ce ruwan sama ne a kan kwano, kuma a shekarar nan shi ne kaɗai ruwan da muke ji.

Ita kaɗai ce ba ta karanta takardun da kanta. Wani dattijo Bazabarme, Baba Hamani, shi ke zama a bayanta da takarda a hannu, yana karanta mata suna, sunan uba, da yawan mutanen gida. Ita kuma tana bugawa, fuskarta na kallon taga. Jefi-jefi sai Baba Hamani ya yi ɗan tari, ita kuma ta tsaya, ta goge wani abu, ta sake bugawa.

Bari in gaya muku tun yanzu abin da kowa a biron ya sani in ban da ni. Ciwon sukari ya cinye wa Tanti gani sannu a hankali. Tana ganin ƙofa, tana ganin inuwar mutum, amma ba ta ganin harafi. Ɗige-ɗigen nan kyandir ne ta narka ta ɗiga da kanta, don yatsunta su san inda suke. Ƙarar maɓallan ita ke gaya mata ko harafi ya shiga sau ɗaya ko sau biyu. Tarin Baba Hamani kuwa, shi ne idonta: in ya hango kuskure a gilashin na'ura sai ya yi tari. Wata huɗu ya rage mata ta cika shekarunta ta ajiye aiki da mutuncinta, kuma kafin nan tana so ta buga sunayen yankin Dogon Dutsi da hannunta. In hukuma ta gane ba ta gani, takardar likita ce za ta sallame ta. Don haka kowa ya kama bakinsa, daga direkte har mai shara.

(Ni kuwa, ƴar boko mai difilom, me na gani? Na ga mace tana kallon taga, sai na rubuta waƙa mai baiti tara a kan uwa mai jiran hadari. Shi kuma Baba Hamani, na tausaya masa, na kawo masa zuma da citta daga gida don tarin nan nasa da ya ƙi jin magani. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi min godiya sosai.)

Abin da na lura da shi da gaske shi ne wuyan hannunta. In an tashi hutun rana sai ta fito da man kaɗanya ta murza, tana cije leɓe. A lakwal an koya mana cewa mai buga rubutu yini guda yana buƙatar kilabiye da ya dace da zaman hannu, in ba haka ba jijiyoyi su kumbura. Na riƙe wannan darasi kamar karatun allo.

Wata Alhamis direkte, Mushe Isufu (mushe shi ne malam a bakin masu Faransanci), ya kira ni.

"Madmazel, kilabiye uku sun gaji, naki da na abokan aikinki biyu. Ke ce mai sabon karatu. Ki je Zongo ki zaɓo mana masu ƙarko, waɗanda za su jure wannan aiki. Ranar Litinin kapitan zai zo duba mu."

Kapitan shi ne sojan da aka ɗora a kan sa ido ga rabon hatsi a ɓangarenmu. Uku direkte ya ce. Ni ce na mai da su huɗu a zuciyata tun kafin in fita daga ɗakinsa.

A Zongo na shiga butikin wani Alhaji mutumin Tawa, wanda na'urori suka cika masa kanti har rufi. Ya ɗauko min wani kilabiye baƙi, miƙaƙƙe, marar ado, ya ƙwanƙwasa bayansa da yatsa.

"Wannan jaki ne, ƴan mata. Ki ɗora masa kaya daga safe har la'asar, ba zai ce uffan ba."

Na ɗauki uku irinsa. Sai idona ya faɗa kan wani da ke cikin kwali can sama. Aka sauko min da shi. A rabe yake gida biyu, ɓangaren hannun dama da na hagu, tsakiyarsa ta ɗan tashi kamar tozo, ga matashi mai laushi na ɗora wuyan hannu. Na taɓa maɓallan, ko motsin sauro ban ji ba. A raina na ce tsuntsu ne ya buɗe fukafukai.

"Wa zai yi aiki da shi?" in ji Alhaji.

"Wata uwata ce, hannunta na ciwo."

"To ki kawo ta ta ɗora hannu tukuna. Wannan yana da kyau ga jijiya, ban musa ba, amma sai an koye shi. Wanda ya saba da miƙaƙƙe sai ya yi sati biyu yana lalube."

"Alhaji, shekararta talatin tana buga rubutu."

"Shi ya sa na ce ki kawo ta."

Na yi masa irin murmushin da masu difilom ke yi wa ƴan kasuwa. Na ce kado ne, wato kyauta, ba a kai mutum ya ga kadonsa kafin a ba shi. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce in akwai tsofaffin kilabiye a biro in kawo masa, yana cire musu kayan gyara.

Ranar Juma'a bayan an tashi, na tsaya ni kaɗai na canza su duka. Da na cire na Tanti sai da na riƙe shi da gefen gyale don ƙyama. Na kai wa Alhaji shi a kan hanyata ta komawa gida Koira Kano. Asabar da Lahadi na yi su ina tsara jawabin da zan yi a gaban kapitan, ina gwadawa a gaban madubi.

Litinin na riga kowa zuwa. Baba Hamani ne ya fara shigowa. Ya yi sallama, ya rataye hularsa, ya juya ya ga teburin Tanti. 

"Ƴar nan, ina tsohon?"

"Ya tafi hutu, Baba," na ce, ina dariya.

"Ina ya tafi?"

"Zongo."

Ya dubi agogon bango, ya dubi ƙofa, ya ce wani abu da Zabarmanci a ƙasa-ƙasa wanda ban ji ba. Ya nufi ɗakin direkte da sauri, amma kafin ya kai sai ga ƙarar mota a tsakar biro. Tanti kuma ranar ta makara, cunkoso ya tare ta a kan gada, ta shigo kusan tare da baƙin. Ko gaisawa ba mu yi ba.

Kapitan matashi ne, siriri, ba mai hayaniya ba. Ya zagaya, ya duba takardu, direkte na biye da shi yana share gumi. Da suka zo kusa da mu, Mushe Isufu ya yi ƙoƙarin wucewa da shi zuwa ɗakin ajiya. Ni ce na tare musu hanya.

Na yi jawabina da Faransanci mai kyau, wallahi ko malamina zai yi alfahari. Na yi bayanin jijiyoyin hannu, na yi bayanin ƙarko, na ce ƙasa mai fama da fari ba za ta yi wasa da kayan aikinta ba. Har na sako layi ɗaya daga cikin waƙata, na ce yatsun mai buga suna gada ce tsakanin yunwa da rumbu. Baba Hamani yana bayan kapitan yana girgiza min kai. Na ɗauka waƙar ce ta taɓa shi.

"Kuma mon kapitan, ga wanda na zaɓo musamman don uwarmu. Tanti, zo ki nuna masa."

Tanti ta zauna. Ta miƙa hannu inda ta saba miƙawa shekara da shekaru, yatsunta suka sauka a kan tozon da ke tsakiya, inda babu maɓalli ko ɗaya. Na ga ƴan yatsun suna yawo a hankali, hagu da dama, suna neman wani abu. Fuskarta ba ta canza ba.

"Bisimilla, madam," in ji kapitan.

Baba Hamani ya ɗauki takarda, ya karanta. "Hadiza Mamman. Mutum bakwai."

Tanti ta buga. Ba a ji komai ba. Ta ɗan karkata kunne wajen kilabiyen, ta sake bugawa. Baba Hamani ya yi tari. Ta goge, ta sake. Ya yi tari. Ta sake. Ya yi ta tari har tarin ya zama na gaske, ya sarƙe shi, hawaye suka zubo masa. A gilashin na'ura kuwa haruffa ne birjik, babu wanda ya san maƙwabcinsa.

Kapitan ya sunkuya. "Madam, karanta min abin da kika rubuta."

Ta juya fuskarta wajen na'urar, amma ta ɗan kauce, tana kallon gefenta.

A nan ne ya kamata ƙasa ta tsage in shige. Maimakon haka, sai na matso da fara'ata, don in ceci kadona, na ce da Hausa yadda kowa zai ji:

"Tanti, ai wannan ba irin tsohon ba ne. Haruffan a rubuce suke ɓaro-ɓaro, farare a kan baƙi. Ki duba kawai."

 Tanti ta janye hannayenta ta ɗora a cinya.

"Ɗiyata," ta ce, "da ina ganinsu, ai da na duba."

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na dai san a wannan lokacin komai ya dawo min ɗaya bayan ɗaya: tagar, tarin, ɗige-ɗigen, da zumar da na kawo.

Kapitan bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce a kawo masa duk sunayen da ta buga a watan, da takardun hannu na ƙauyuka. Ya zauna a kujerata ya bi su layi-layi da bakin bik, wato alƙalami, har aka yi kiran azahar. Bai sami kuskure ko ɗaya ba. Da ya gama ya miƙe ya tsaya a gabanta.

"Madam, aikinki ba shi da aibu. Ƙauyenmu ma a cikin irin takardun nan yake, na so a ce ke kika buga shi. Amma abin da na gani a gaban mutane, ba ni da ikon in ce ban gani ba. Ni ma akwai wanda ke jiran rahotona."

"Na sani, ɗana. Yi aikinka."

Kafin ƙarshen satin an tura ta wajen likita. Satin da ya biyo baya ta kwashe ɗan kwanonta da man kaɗanyarta. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Ba wanda ya zage ni a biron, sai dai in na yi sallama a amsa min ba tare da an ɗago kai ba. Direkte kalma ɗaya ya ce min: "Uku na ce, madmazel."

Na koma Zongo. Alhaji bai farke tsohon kilabiyen ba, ya ce irinsa ba a ƙara yi, ya yi nauyin da bai kamata a lalata shi ba. Ya ɗauko min shi yana jin daɗi: ya sa an wanke shi tas, an kankare duk dauɗar da ke kan maɓallan.

"Yaya uwar taki ta ji da sabon?" in ji shi.

Na fashe masa da kuka a tsakiyar butiki. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi, ya miƙo min leda.

Ranar Lahadi da la'asar na hau taksi na haye gada. Daga sama ina ganin shanu ramammu suna tafiya a inda jiragen ruwa ke bi a da. Na sami Tanti a tsakar gidanta a kan tabarma, ta dawo daga majami'a, tana tsinke zogale a faranti. Tun kafin in yi magana ta ce:

"Mai waƙa ce. Na san takunki, kina tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa. Zauna."

Na durƙusa.  Na ɗora mata kilabiyen a cinya kawai. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ta danna maɓalli ɗaya, ya yi ƙas. Sai ta yi murmushi.

"Sun yi wa tsoho wanka."

"Tanti, ki yafe min. Ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Mu ne muka ƙi gaya miki. Hamani ya ce in kika ji, sai kin sa shi a waƙa kin karanta wa duniya."

Na yi dariya cikin kuka, don gaskiya ya faɗa.

"Na yi fushi da ke," ta ce, tana ci gaba da shafa maɓallan. "Kwana uku ina fushi. Ba don aikin ba, aiki dama ƙarewa zai yi. Wata huɗun nan nake so, in fita ta ƙofar da na shiga. Da sunayen mutanena. Akwai matan da na yi wasan ƙasa da su a cikin takardun nan." Ta juyo da fuskarta wajena. "Amma a biron nan duka, ke kaɗai kika lura hannuna na ciwo. Su sun san idona, ke kin san hannuna. Da kun haɗu da an yi mutum guda mai hankali."

Ta tambaye ni yadda na zaɓi sabon. Na ce ya yi min kama da tsuntsu. Ta daɗe tana dariya, har ta share ido da bakin zane.

"Ni da zan zaɓi wannan, guda biyar aka jera min. Lokacin ina gani sarai, amma na rufe ido. Na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, don marar nauyi yawo yake a kan tebur. Na danna na ji ko maɓallin na turo yatsa ya dawo, don wanda ba ya turowa shi ke kashe hannu. Na saurari muryarsa. Turmi ne, ɗiyata. Wa ya taɓa sayen turmi don zanen jikinsa?"

Sai ta ce in shiga ɗaki in ɗauko kyandir da ashana a kan taga. Na kunna. Ta kama hannuna, ta riƙa ɗora yatsanta a kan maɓalli tana cewa "nan", ni kuma ina ɗigawa. Ɗigo shida. Ɗaya ya zubo mata a yatsa, ko motsi ba ta yi ba. Da suka bushe ta shafa su, ta gyaɗa kai, ta turo min kilabiyen.

"Ni me zan buga da shi a nan, zogale? Tafi da shi. Takardun Dogon Dutsi na nan tafe. Ki ce Hamani ya karanta miki, ki buga min su da wannan. Kuma kar ki kalli taga, ke idonki lafiya lau."

Haka aka yi. Sati uku muna kan sunayen Dogon Dutsi, Baba Hamani a bayana, ni a kujerar Tanti. Ba ya min magana in ban da suna da yawan mutanen gida. Tari kuwa ya yi shi har na ji tausayin maƙogwaronsa, kuma wannan karon na san ba na zuma ba ne. Ranar da muka buga suna na ƙarshe ya ninke takardar, ya ce, "Yau sau biyu kawai na yi." Shi ne yabo mafi girma da na taɓa samu a aiki.

Tanti ba ta dawo biro ba, ko da ziyara. Shi kuma tsuntsun nawa, an ɗora shi a kan kabad, ƙura ta rufe masa fukafukai. Abin haushin shi ne kilabiye ne mai kyau. Bayan shekaru da nawa wuyan hannun ya fara ciwo, irinsa na saya, na yi sati biyu ina lalube kamar yadda Alhaji ya faɗa, kuma ya taimake ni.

Yanzu in sababbin ma'aikata suka tambaye ni wane kilabiye ne ya fi ƙarko ga mai bugawa yini guda, ina gaya musu na nauyi, da na turo yatsa, da na zaman hannu. Sannan in ce su kai mai hannun ya taɓa da kansa. In kuwa suka ga wani tsohon abu mai dauɗa a teburin wani, kuma duk biro an zuba masa ido ba a taɓa shi ba, to su tambaya kafin su yi alheri. Ni ban tambaya ba. Waƙar uwa mai jiran hadari tana nan a cikin shuɗin kayena, baiti tara cif, ban taɓa karanta wa kowa ba.